Mahujin Kaka da Tsinkayensa

Asabar, 7 ga Disamba, 2024

Da hantsi Inna ta sa na jawo akwatin ƙarfen marigayi Kaka daga ƙarƙashin gado, wai tana son a share ɗakin tun kafin baƙin biki su fara sauka. A can ƙasan akwatin, cikin wani tsumma da ya sha mai har ya yi baƙi, na tarar da mahujin da nake ganinsa da shi ina yaro. Ba na wuta ba ne, ba kuma irin mai mariƙin nan da ake juyawa da hannu ba. Dannawa ake yi. Ka ɗora bakinsa a kan katako ka danna ƙotar, wani murɗaɗɗen ƙarfe da ke ciki ya juya bakin, ka sassauta hannu sifirin ya dawo da ƙotar sama. Hannu ɗaya ya ishe shi, ɗayan yana riƙe da aiki.

Da na goge jikinsa sai rubutu ya fito: Yankee, lamba 41, North Bros., Filadelfiya ta Amurka. Kamfanin Stanley ya sayi North Bros. a 1946, ya kuma ci gaba da ƙera irin wannan mahuji da sunan Yankee ɗin. A jikin na Kaka ban ga sunan Stanley ko'ina ba.

Abin da ya fi faranta mini rai yana cikin ƙotar. Idan ka kwance wani zobe ka ja ta, sai ma'ajiya ta bayyana mai gurbi 8, kowane gurbi da nasa ɗan ƙarfen huda. Yaran shago bit suke ce musu, Kaka kuwa tsinke yake cewa, ni ma haka zan riƙa rubutawa. Cikakken jerinsu daga 1/16 na inci ne zuwa 11/64, wato daga kusan milimita 1.6 zuwa kusan 4.4, kowanne ya ɗara na bayansa da 1/64. Guda 7 na samu. Gurbin 5/64 babu kowa.

Wannan abu ya zo mini a kan gaɓa. Akwatuna ƙanana 6 na maɗaci nake yi wa ƙanwata da za a kai ɗakinta ranar 11 ga Janairu, na turaren wuta da na sarƙa da 'yan kunne. Jikinsu ya haɗu, saura hinji da maƙulli. Kowane akwati hinji 2, kowane hinji sukuru 4, rami 48 ke nan kafin a zo kan maƙullai, kuma duk a bakin katakon da kaurinsa bai wuce rabin inci ba. Makon jiya na gwada da na wuta, ya zame ya tsaga mini murfi ɗaya, na sake wani. Ga shi ba kullum ake samun wutar ba. Na ɗaura niyyar da mahujin Kaka zan yi ramukan nan duka, in Allah ya yarda, kuma zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya.

Lahadi, 8 ga Disamba

Tsinkayen sun kwana cikin kananzir. Da safe na bi su da tsohon burushin haƙori, guda 3 da tsatsa ta kama sosai na jiƙa su cikin ruwan kal na awa 2, na wanke, na busar, na shafa musu man keken ɗinki nan take, don ƙarfen da ya fito daga tsami ba ya jiran gobe kafin ya sake yin ja. Shi kansa mahujin ɗigon mai kawai ya nema. Da farko ƙotar tana dawowa da nawa, sanyin Jos ya daskarar da tsohon man da ke ciki, amma da na danna kamar sau 30 ta saki jiki.

Sai gwaji. Na sa 1/8 a kan guntun farin katako mai taushi, na danna har sau 40, abin da na samu ɗan kwarmi mai sheƙi da warin ƙuna. Ba ya ci, goga kawai yake yi. Sauran ma haka, in ban da 5/32, wanda da alama Kaka bai cika amfani da shi ba.

Na zauna a rana na ɗauki hoton bakin 5/32 da waya, na buɗa hoton har ya cika fuskar wayar. Tsinken nan ba murɗaɗɗe ba ne irin na injin wuta. Kwarmi 2 ne miƙaƙƙu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, daga tsini zuwa wajen gindi. A can tsinin kuma fuska 2 ce shimfiɗaɗɗu, sun haɗu a tsakiya kamar jinkar ɗaki. Kowace fuska ta ɗan kwanta ta baya kaɗan, yadda gefenta na gaba, inda ta haɗu da kwarmi, shi ke fara taɓa katako. Nan kaifin yake. A kan 1/8 wannan gefe ya lanƙwashe ya zama kamar bayan cokali, haske yana tsayawa a kansa. Gefe mai kaifi ba ya riƙe haske, layi ne da ido ba ya kamawa.

Dalilin miƙewar kwarmin ma na fahimce shi da hannuna. Idan ka danna, tsinken ya juya dama ya yanka. Idan sifirin ya dawo, ya juya hagu. Na sha jin ana cewa yana ci gaba da baya, amma abin da na gani a kan 5/32, yawancin garin katakon a dannawa yake fitowa, juyin baya yana sassauta garin ne ya kuɓutar da tsinken kada ya cije. Murɗaɗɗen tsinke yakan ja kansa cikin katako kamar sukuru, shi ya sa yake fasa siririn aiki. Wannan ba ya ja, iyakar nauyin hannunka iyakar shigarsa.

Laraba, 11 ga Disamba

Na yi ɓarna yau, raina kuma a ɓace yake.

Daga makaranta na biya wajen wani mai injin wasa wuƙaƙe da almakashi, da 9/64 a aljihu. Na ce ya ɗan taɓa mini bakin. Kafin in gama bayani ya riga ya ɗora shi a kan dutsen da ke gudu, yana mirgina shi tsakanin yatsu kamar mai fiƙe fensir. Tartsatsi ya tashi. Da ya miƙo mini, fuskokin nan 2 sun tafi, tsinin ya zama zagayayye kamar na ƙusa, kuma daga tsini zuwa kamar milimita 3 ƙarfen ya koma shuɗi.

Shuɗin nan shi ya fi ciwo. Ƙarfe mai tauri idan zafi ya kama shi yakan fara da ruwan ɗorawa mai haske, ya wuce ja-ja, ya kai shuɗi a wajen digiri 300 na ma'aunin Salsiyos, a nan kuma taurin da masu ƙera shi suka ba shi ya ragu. Tsinke siriri ba shi da jikin da zai shanye zafi, cikin ƙiftawar ido yake kai wa nan. Na sa magagari a wurin na ja, ya ci shi kamar ƙusa. A sama da shuɗin kuwa magagarin zamewa yake.

Ban ga laifin mutumin sosai ba, aikin da ya saba ya yi. Ni na miƙa masa abin da ba a sayar da irinsa a kasuwar nan, ban tsaya na tabbatar ya gane ba. Daga yau babu tsinken da zai sake kusantar inji.

Asabar, 14 ga Disamba

Bayan la'asar na tafi Gangare wajen Kawu, yayan Inna, wanda ya yi shekaru yana koyon kafinta a hannun Kaka kafin ya koma tuƙin mota. Na same shi a zaure ya lulluɓa da bargo, ga kaskon wuta a gabansa. Da na warware tsumman sai ya yi shiru, ya karɓa da hannu biyu, ya danna shi a tafin hannunsa sau ɗaya ya saurari ƙarar.

Ya ce, "Malam, ina ka samo wannan? Na ɗauka ya bi kayan da aka rabar."

Na ce, "Kawu, a ƙasan akwati yake, Inna ma ba ta san yana nan ba."

Ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Kaka ya hau tudun nan yana saurayi, cikin masu zuwa aikin kuza, ya fara da ɗaukar kwano a kai, daga baya aka mayar da shi ɗakin kafintocin wani kamfani a Bukuru, inda suke haɗa tagogi da kabad na gidajen ma'aikata. A can mahujin ya shigo hannunsa. Kawu ya ce duk kayan aikin Kaka ana ara, ban da wannan.

Na nuna masa 9/64. Ya juya shi a gaban wuta, bai yi faɗa ba, ya ce, "Wuta ta sha shi. Ajiye, ba a yar da shi, za a iya cin wurin a wuce."

Sai na tambaye shi yadda Kaka ke wasa su. Ya ce da dutsen wanzami, irin mai laushin nan na aska, da ɗigon mai. Kuma ƙirgawa yake yi da baki, a ji shi: ɗaya, biyu, uku, ya juya, ɗaya, biyu, uku. Abin da ya ba wannan fuska shi zai ba waccan, ko da ɗayar ta riga ta yi kaifi.

Na ce, "To Kawu, in ɗayar ta yi, me ya sa za a ƙara mata?"

Ya ce, "Ba kaifi kaɗai kake nema ba, ɗana. Tsakiya kake nema. Kaifi kowa ya iya. In tsinin ya goce daga tsakiya, gefe ɗaya ne zai yi ta aiki, ramin ya fi tsinken faɗi, sukuru ya shiga yana rawa. Sannan kada ka kuskura ka taɓa jikinsa na waje. Can ne girmansa yake, in ka ci ba ya dawowa."

Da zan tafi ya shiga ciki ya fito da guntun dutse mai ruwan toka, tsawon yatsa, gefe ɗaya ya lotsa saboda aiki. Ya ce na Kaka ne, in riƙe.

Lahadi, 15 ga Disamba

Na fara da babban, 11/64, don shi ya fi sauƙin gani. Na shafa wa fuskokin baƙar maka, na kwantar da ɗaya a kan dutsen, na ja sau 3, na duba inda tawadar ta goge. Wannan dabara ta maka ita ce idona. In tawadar ta goge a baya kaɗai, na kwantar da hannu da yawa. In a tsini kaɗai, na ɗaga da yawa. Ana son ta tafi gaba ɗaya a lokaci guda.

Bayan rabin awa ya yi kaifi, yana kama farce. Na huda maɗaci, ya shiga da dannawa 14. Amma garin katako ta kwarmi ɗaya yake fitowa, ɗayan wayam, kuma da na mayar da tsinken cikin ramin na girgiza, yana motsi. Hoton waya ya nuna abin da Kawu ya faɗa: fuska ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Na ƙirga daidai, amma hannuna ya fi dannawa a gefen da ya fi mini daɗin riƙo. Fuskar da faɗinta bai kai ƙwayar shinkafa ba, yatsa ba ya jin ko ta zauna ko ba ta zauna ba. Kaka ya yi shekaru yana yi kafin hannunsa ya san wannan, ni kuwa ƙasa da mako 4 gare ni. Sai na nemi abin da zai riƙe mini.

Asabar, 21 ga Disamba

An yi hutu, na samu yini guda cur. Da sassafe na shiga Kasuwar Katako, hazo ya rufe gari har ba a hango duwatsu, masu yankan katako sun kewaye wuta suna jiran rana. Wani da nake sayen maɗaci a wajensa ya ba ni guntayen kawo kyauta daga cikin tarkace. Na zaɓi kawo don yana da tauri kuma ba ya saurin motsi. Daga nan na wuce wajen masu kayan fentin mota na sayi samfefar ruwa, lamba 400 mai kaushi da 600 da 1200 mai laushi, ɗaya-ɗaya. Gilashin taga guda da ya fashe a gefe yana nan a gida tun bara.

Ga abin da na haɗa, zan rubuta shi dalla-dalla don in na manta in dawo in duba.

Na farko mariƙi. Na gyara sandar kawo mai kusurwa 4, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa, tsawonta kamar inci 3. A kan bakinta na ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa sau 2, inda suka gitta nan ne cibiya, na huda rami daidai kaurin gindin tsinke. Abin daɗi, tsinkayen nan duk gindinsu kauri ɗaya ne, daga ƙarami har babba, da ɗan tsagi a gefe da wani mataki a ƙarshe inda bakin mahujin ke kamawa, saboda haka mariƙi ɗaya ya ishi duka. Na tsaga bakin sandar da zarto har cikin ramin, na sa sukuru a gicciye, in na ɗaure ya matse tsinken. Amfanin kusurwa 4 shi ne, in ka gama fuska ɗaya ka kifa sandar a kan gefen da ke kallon na farko, tsinken ya yi rabin juyi cif, babu kintace. Sai dai in ramin bai zauna a cibiya ba, duk aikin banza ne. Sanda ta farko na yar da ita saboda haka, ta biyu ta yi.

Na biyu gangare. Guntun kawo ne da na yanke samansa a karkace, mariƙin ya kwanta a kai, bakin tsinken ya sauka ƙasa. Karkacewar daga 5/32 na kwafo ta, tun da shi ne bai taɓa lalacewa ba: na ɗaure shi a mariƙi, na tsayar da fuskarsa ta zauna daram a kan gilashi, na sa ɗana ya zana layin da sandar ta yi a jikin kwali, na yanka katakon a kan wannan layi. Na kafa wata 'yar katanga a gefen gangaren don kada mariƙin ya karkata.

Na uku gilashi. Na yanka samfefar siri-siri, na jiƙa, na manna su jere. Gangaren yana zamewa a kan tsuran gilashi, bakin tsinke kaɗai ke kan samfefa.

Wurin da ya ci mini lokaci shi ne ɗan kwanciyar nan ta baya. Kafin a ɗaure sukurun mariƙi sai an mirgina tsinken a ciki kaɗan-kaɗan, a shafa maka, a ja sau ɗaya a kan 1200, a duba, a sake mirginawa, har tawadar ta goge ko'ina lokaci guda. A nan ne fuskar ta zauna yadda masu ƙera ta suka yanke ta. In ka bar bayan fuskar ya fi gabanta tudu, komai kaifinsa ba zai ci ba, bayan ne zai riƙa hawa kan katako yana hana gaban sauka. Na ga haka da idona a gwaji na biyu, tsinke yana aske gashin hannu amma ya ƙi shiga farin katako.

Da abin ya zauna, sauran ba wuya. 11/64 na ba doguwar fuskar hutu na ci gajeriyar a kan 400 har tsinin ya dawo tsakiya, wannan ne kaɗai lokacin da na saɓa ƙirgar Kaka, don gyaran ɓarnata nake yi. Daga nan ja 5 nan, ja 5 can a kan 600, haka a kan 1200, na ƙarasa da dutsen wanzami. Wani siririn gashin ƙarfe ya tsaya a bakin kwarmin. Na naɗe guntun 1200 a jikin allurar ɗinkin buhu, na bi cikin kwarmin sau 2 daga ciki zuwa tsini, a kwance, ba tare da na ɗaga ba, gashin ya fita.

Gwaji a maɗacin ranar Lahadi: dannawa 8, gari yana fitowa ta kwarmi 2 kamar an raba da ludayi, tsinke ya zauna a raminsa babu rawa. Na kira matata ta zo ta gani, ta danna da kanta ta huda rami 4 a jere.

Kafin magariba na gama 1/8 da 7/64. 5/32 dutsen kawai na nuna masa, ja 3 kowace fuska.

Laraba, 25 ga Disamba

Maƙwabtanmu suna Kirsimeti, sun aiko da shinkafa da cincin, unguwa ta yi tsit da rana. Na zauna kan ƙananan biyu.

3/32 ya yi lafiya. Ƙananan ba sa son 400, ja 2 ya cinye abin da ba ka yi niyya ba, da 1200 kaɗai na yi shi. Kuma dole tsinken ya leƙo daga mariƙi kaɗan ƙwarai, in ya yi tsawo lanƙwasawa yake a ƙarƙashin yatsa, kwanciyar fuskar ta canza.

1/16 ya yi kaifi, sannan ya karye a wajen gwaji. Na huda kawo da shi har zurfi ban zaro na kakkaɓe ba. Miƙaƙƙen kwarmi ba ya tura gari sama yadda murɗaɗɗe ke yi, garin ya cushe, tsinken ya cije, hannuna ya ɗan karkata, na ji ƙas. Kashi ɗaya cikin uku ya tsaya a cikin katakon. Na daɗe zaune da guntun a tafin hannu. Shekara nawa yana cikin ƙotar nan lafiya, sai a hannuna.

Asabar, 28 ga Disamba

Ranar jinyar marasa lafiya biyu.

Guntun 1/16 da ya rage yana da sauran kwarmi kamar milimita 12. Sukurun hinjin akwatunan ba su kai haka tsawo ba, ashe bai mutu ba. Na daidaita karyayyen bakin a kan 600 ya zama shafaffe, na sa shi a mariƙi, na fitar da sababbin fuskoki daga babu. A nan babu tsohuwar fuskar da maka za ta bi, sai na ɗora shi gefen 3/32 na daidaita kwarminsu da ido a hoton waya kafin in ɗaure. Gajartar ma ta ƙara masa ƙarfi, ba ya lanƙwasa kamar da.

9/64 mai shuɗi ya fi cin rai. Na tsayar da shi a kan 400 da ruwa, na yi ta ci har shuɗin ya ƙare, na ƙara kaɗan, don laushin yakan wuce inda launi ya tsaya. Bayan kowane ɗan lokaci ina taɓa gefen bakin da magagari, sai da na ji ya fara zamewa na tsaya. Kusan milimita 4 suka tafi, da samfefa rabin falle, da awa 2. Ruwan ya yi sanyi har yatsuna suka ƙage, na riƙa ɗumama su a kofin shayi. Yanzu yana ci, ya huda kawo sau 10 bakinsa bai kwanta ba.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Akwatuna.

Sukurun na tagulla ne, ƙanana, kuma tagulla ba ta da haƙuri, in ramin ya matse kanta ke tsinkewa ya bar jikin a ciki. Na ɗaga sukuru ɗaya da tsinke a gaban haske: ana son tsinken ya rufe cikin sukurun, zaren kaɗai ya leƙo ta gefe da gefe. 1/16 ya yi wa na hinji daidai, 3/32 na maƙulli. Na naɗa ɗan salatif a jikin tsinke don alamar zurfi, kada in fasa ta waje.

Ga inda mahujin nan ya nuna kansa. Hagu tana riƙe da hinji a wurinsa, dama ta ɗora tsinin a tsakiyar ramin hinjin, dannawa 4 ko 5, an gama. Tsinin da ke tsakiya ba ya yawo, inda ka ajiye shi nan yake shiga, ban ma nemi ƙusar yin alama ba. Kowane rami na zaro na hure kafin in ci gaba, darasin karyewar 1/16 bai bar ni ba. Kowane sukuru na goga shi a jikin kyandir kafin ya shiga.

A wajen rami na 30 na ji dannawar ta ƙaru zuwa 7. Na tsaya, na mayar da tsinken mariƙi, ja 2 nan, ja 2 can a kan dutsen Kaka, ya dawo 4. Minti 3 ke nan. Da na bari sai ya dakushe sarai, da sai na koma kan samfefa na ci ƙarfen da ba ni da shi. Ina ganin abin da ya sa tsinkayen nan suka kai yau da tsawonsu ke nan, Kaka bai taɓa barinsu su yi nisa ba, sai bayan da hannunsa ya daina aiki yara suka yi ta huda da su.

Rami 48 na hinji, 24 na maƙullai, babu murfin da ya tsage, babu sukurun da ya karye. Ƙanwata ta shigo ana kiran isha'i, ta buɗe ɗaya ta rufe, ta sake buɗewa, ta ce, "Yaya, da abin Kaka ka yi?" Na ce da shi. Ta ɗauki akwatin ta tafi nuna wa Inna.

Lahadi, 12 ga Janairu

An kai amarya jiya, akwatunan suna kan madubinta.

Yau na koma Gangare da mahujin da guntun kawo. Kawu ya sa 9/64 da kansa, ya huda, ya zaro, ya kalli kwarmin biyu, ya mayar da tsinken ramin ya girgiza. Ya gwada 11/64 haka. A kan 7/64 ya tsaya, ya ce, "Wannan ya ɗan goce, Malam, duba garin." Na duba, gaskiyarsa, kwarmi ɗaya ya fi cika. Shi na yi a gurguje ranar 21 da magariba ta kawo kai. Na nuna masa mariƙin da gangaren, ya juya su, ya ce in yi masa irinsu, idonsa ba ya ganin fuskar yanzu amma hannunsa zai iya ƙirga.

Abin da ya rage: in sake 7/64, in yi wa Kawu nasa mariƙin, in ɗinka wa dutsen 'yar jakar fata. Kafin damina kuma kowane tsinke ya sha mai, don ruwan Yuli da Agusta na garin nan ba ya barin ƙarfe.

Sai gurbin 5/64. Ina da murɗaɗɗen tsinke na milimita 2 da ya karye, kaurinsa kusan ɗaya da wanda ya ɓata. Kawu ya ce akwai wani dattijo mai gyaran keken ɗinki da ke da ƙaramin injin gyaran ƙarfe, zai iya fitar mini da gindi mai tsagi da mataki a dasa shi a ciki. Na auna gindin 3/32 na zana a takarda. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, zan ɗauki Kawu a babur mu je tare.